Yini ɗaya da iyali a wurin wasan ruwa a Dubai da Abu Dabi: tambayoyi da amsoshi

Iyalai da yawa da ke zuwa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa hutu ko sayayya sukan ware yini ɗaya don kai yara wasan ruwa. Waɗannan su ne tambayoyin da iyaye suka fi maimaitawa. Farashi da lokutan buɗewa suna sauyawa, saboda haka a duba shafin wurin na intanet kafin a fita.

1. Me ake samu a irin wannan wurin?

Abu huɗu ne kusan ko'ina. Akwai manyan sulu, waɗanda ake hawa bene mai tsawo a zamo cikin bututu ko kwararo, wani a kwance, wani a kan tayar iska. Akwai tafkin igiyar ruwa, inda inji ke kaɗa ruwan ya riƙa tasowa kamar bakin teku. Akwai ƙorama mai zagaye wurin, wadda ke jan mutum a hankali yana zaune a kan taya. Sai kuma sashen ƙananan yara, mai ruwa iya gwiwa, da gajerun sulu da ƙaton bokiti da ke cika ya juye ruwa a kan na ƙasa. Tikiti ɗaya ne ke ba da damar shiga duka, amma akwatin ajiya, tawul, abinci da rumfar haya galibi kuɗinsu daban.

2. Wanne ya fi dacewa da iyalinmu?

A zaɓa da la'akari da ƙaramin yaro a gidan, ba babba ba. Idan yaran duk 'yan ƙasa da shekara 12 ne, Legoland Water Park da ke Jabal Ali, kan hanyar Abu Dabi, don su aka gina shi: na yara ne masu shekara 2 zuwa 12, babu sulu mai tayar da hankali sosai, kuma a ƙoramarsa yara na haɗa manyan tubalan roba a jikin tayarsu.

Wild Wadi, wanda aka buɗe a 1999 a unguwar Jumeirah kusa da otal ɗin Burj Al Arab, ba shi da faɗi ƙwarai, kuma wannan alheri ne ga mai yara da yawa domin ba a yin doguwar tafiya tsakanin wasa da wasa. A nan ne Jumeirah Sceirah yake, mai tsawon mita 32, inda ƙasan da mutum ke tsaye a kai ke buɗewa ya faɗa da gudun da ke kai kilomita 80 a awa. Aquaventure kuwa, na otal ɗin Atlantis a tsibirin Palm, tun 2008 yake aiki kuma yana cikin mafi girma a duniya. Ya fi dacewa da matasa da 'yan mata masu son abin tsoro, irin sulun Leap of Faith da ke ratsa tafkin kifayen shak ta cikin bututu mai kama da gilashi. Girman nasa ne matsalarsa: mai goyo da yara biyu ƙanana zai sha tafiya a rana.

Yas Waterworld yana tsibirin Yas a Abu Dabi, an buɗe shi a 2013, tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota daga Dubai. An ƙawata shi da tarihin masu nutso neman lu'ulu'u na ƙasar, kuma ya yi suna wajen ware lokaci na mata zalla (duba tambaya ta 6).

3. Wane wata ya fi, kuma wace rana?

Oktoba, Nuwamba, Maris da Afrilu sun fi daɗi. Daga Yuni zuwa Satumba zafi na wuce digiri 40, ga gumi mai nauyi da ba irin na Kano ko Zinder ba, domin iskar cike take da laimar teku, gumin ba ya bushewa. Wannan kuma shi ne lokacin dogon hutun makaranta, wanda yawancin iyalai ke samun damar tafiya, saboda haka wanda ya zo a lokacin ya karanta amsa ta 11 da kyau. Daga Disamba zuwa Fabrairu rana ba ta da zafi, ana ɗumama ruwan, amma yaro jiƙaƙƙe da ke tsaye a layi cikin iska zai riƙa rawar ɗari. A watannin sanyi ne kuma aka fi rufe wasu sulu don gyara.

Tun 2022 hutun ƙarshen mako a Dubai da Abu Dabi ya koma Asabar da Lahadi, Juma'a kuma rabin yini ake aiki. Litinin zuwa Alhamis ne layi ke raguwa. Kwanakin bukukuwan Salla biyu da hutun ƙarshen shekara cunkoso ke yin yawa, a azumi kuma wasu wuraren kan sauya lokutan aiki.

4. Yaya ake sayen tikiti, kuma me ya sa ake maganar tsawon yaro?

A saya ta intanet kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Ya fi sauƙi a kan na bakin ƙofa, kuma yana rage tsayuwa. Wanda ya sauka a otal ɗin Atlantis yana shiga Aquaventure ba tare da ƙarin kuɗi ba, wasu otal-otal ma na da irin wannan haɗin da wuraren da ke kusa da su, don haka a tambaya tun wajen kama ɗaki. Don lissafi, dala ɗaya dirhami 3.67 ce, farashin a tsaye yake.

Tsawo shi ne abin da ke janyo kuka a wurin. Manyan sulu a Wild Wadi na buƙatar yaro ya kai mita 1.1, a Aquaventure kuma mita 1.2. Ma'aikaci na tsaye da sandar awo a gindin bene, ba ya duba shekaru kuma ba ya sauraron roƙo, ko da santimita ɗaya ce ta rage. A auna kowane yaro a gida, ba takalmi, bayansa a jikin bango, a ɗora littafi a kansa a ja layi. Wanda bai kai ba a gaya masa tun a gida irin wasannin da zai yi. Yaron da aka shirya wa zuciya yakan haƙura, wanda kuwa ya ga yayyensa sun wuce an tare shi a gaban jama'a, da wuya ya sake sakin jiki a ranar.

5. Wane irin tufafi ake yarda da shi? Mace za ta iya shiga a suturce?

Za ta iya. Rigar iyo ta mata mai rufe jiki duka, wadda ake kira burkini, karɓaɓɓiya ce a duk waɗannan wuraren, kuma mata da yawa da ita suke shiga. Riga ce mai dogon hannu da ke sauka zuwa cinya, da dogon wando da hular kai, duk na yadin iyo mai saurin bushewa. Ana samunta a manyan shagunan kayan wasanni a Dubai, kuma ta fi araha a can a kan shagon cikin wurin.

Abin da ba a yarda da shi a kan sulu ba shi ne abaya, doguwar riga, zani, gyale, jallabiya da wandon jins. Akwai dalili. Yadi mai faɗi yana shan ruwa ya yi nauyi, yana naɗe ƙafa, yana iya maƙalewa a mahaɗar bututu, kuma auduga na riƙe mutum a tsakiyar sulu har na baya ya cim masa. Haka nan duk wani abu mai ƙarfe: zif, maɓalli, bel, da fil ɗin da ake soke mayafi da shi. Sarƙa, warwaro da 'yan kunne masu lilo a bar su a masauki. Maza su sa wandon iyo mai kaiwa gwiwa da rigar iyo mai hannu, wadda ke kare baya daga rana da kuma gogar bututu. Wadda ba za ta shiga ruwa ba tana iya zama da abayarta a inuwa, amma ita ma sai ta sayi tikiti.

6. Akwai lokacin da mata kaɗai ke shiga?

Akwai, musamman a watannin zafi. Yas Waterworld na ware wasu ranaku ko darare na mata zalla, inda ma'aikata da masu ceto duk mata ne, kuma ana hana ɗaukar hoto. Ana barin yara maza ƙanana su shiga da iyayensu mata, zuwa iyakar shekaru ko tsawo da wurin ya ƙayyade. A tabbatar da wannan iyakar kafin a sayi tikiti, kada a je ƙofa da ɗa ɗan shekara goma a ce ya koma. Ranakun na sauyawa daga shekara zuwa shekara.

Ko a ranar da kowa ke shiga, a yi hattara da waya. Dokar ƙasar ta hana ɗaukar hoton mutum ko yaɗa shi ba da izininsa ba, kuma ana hukunci a kai. A ɗauki hoton yara a inda babu wasu a bayansu.

7. Babu wanda ya iya iyo a cikinmu. Za mu iya zuwa?

Za ku iya, domin yawancin wasannin ba sa buƙatar iyo. Amma kowa, babba da yaro, ya ɗauki rigar ceto, wadda ake bayarwa kyauta a wuraren. A zaɓi daidai nauyin mai sawa, a ɗaure dukkan igiyoyin, sannan a kama kafaɗun rigar a ɗaga sama. Idan ta haura ta taɓa kunnuwan yaro ko haɓarsa ta nutse a ciki, ta yi masa yawa, a sauya. Robar iska da ake zura wa yara a damtse ba rigar ceto ba ce, tana iya sulluɓewa ko ta sace.

Wuri biyu ne wanda bai iya iyo ba zai fi kiyayewa. Na farko tafkin igiyar ruwa: ƙasansa gangare ne, mutum na tsaye ruwa iya ƙirji, sai igiya ta ɗaga shi ta ajiye shi inda ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. A tsaya inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Na biyu ƙarshen sulu, inda ake faɗawa ƙaramin tafki. Sau da yawa ruwan bai kai wuyan babba ba, ruɗewa ce ke sa mutum ya kasa miƙewa. Zurfin kowane tafki a rubuce yake a bakinsa.

8. Ga masu ceto ko'ina. Sai mun sa ido a kan yara kuma?

Dole ne, kuma wannan ita ce amsa mafi muhimmanci a shafin nan. Mai ceto ɗaya na kallon mutane da dama lokaci guda, bai san wane yaro ne naku ba. Yaron da ke nutsewa ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu yana kira kamar yadda ake zato. Yana tsaye ne a miƙe cikin ruwa, kansa ya karkata baya, bakinsa na shiga yana fita daidai saman ruwa, hannuwansa na danna ruwan gefe da gefe. Wanda ke kusa zai ɗauka wasa yake. Abin na faruwa cikin ƙasa da minti ɗaya, kuma yana faruwa a ruwa iya gwiwa idan ƙaramin yaro ya kife.

Haɗarin ya fi yawa ga babban ayari, inda uwa ke zaton yaro na wurin uba, uba na zaton yana wurin goggonsa. A raba yaran da suna tun a mota: wane da wance naka ne, wane nata ne. Duk wanda bai kai shekara 5 ba, ko bai iya iyo ba, babba ya kasance cikin ruwan tare da shi, kusa yadda hannu zai kai gare shi. Mai tsaro ba ya duba waya. Idan zai tashi, ya miƙa yaran da baki, ya ce "Ga Amina da Sadik nan, suna hannunki," ita kuma ta amsa kafin ya juya. Kada a ɗora wa 'yar shekara goma tsaron ƙanenta a ruwa, komai hankalinta.

9. Me za mu sa a jaka?

Tawul ɗaya ga kowane mutum, kayan sauyawa, ledar zuba jiƙaƙƙun kaya, man kariya daga rana, hula, takalman ruwa masu roba a ƙasa, famfas na iyo guda uku ko huɗu ga mai goyo, ƙunshin gishiri da sukari na kantin magani guda biyu, da jakar waya mai hana ruwa shiga. A gwada jakar tun a masauki: a sa takarda a ciki, a rufe, a nutsar a ruwa minti goma, a duba. Mai tabarau ya sa masa igiya. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a jakar da ke kusa, kada a kulle shi a akwatin da ke can bakin ƙofa. Kuɗi, katin banki da mabuɗin ɗaki su ne na akwatin ajiya.

10. Yaya za mu tsara yinin?

Yawancin wuraren na buɗewa wajen ƙarfe 10 na safe. A iso minti 30 kafin nan, an riga an sa kayan iyo a ciki, an shafa mai. Da shiga, mutum ɗaya ya je ya kama kujeru a inuwa kusa da sashen yara, domin kafin awa ɗaya na inuwa sun ƙare. Wannan wurin shi ne masaukin iyali na ranar, a nuna wa kowane yaro shi da wata alama babba da ke kusa.

Manyan yara su fara da sulun da aka fi rububi, tun layi bai yi tsawo ba, ƙananan kuma su yi wasansu kafin rana ta take. Daga 12 zuwa 3 a fito: abinci, sallar Azahar, hutu a inuwa, mai barci ya yi barci. Da yamma a koma ƙorama da tafkin igiya. A fara haɗa kaya minti 45 kafin rufewa, saboda a ƙarshen yini bandakunan wanka da layin tasi duk cika suke yi. Awa biyar zuwa shida sun ishi iyali mai ƙananan yara.

11. Fatarmu baƙa ce. Muna buƙatar man kariya daga rana?

Kuna buƙata. Baƙar fata na jure rana fiye da fara, amma tana ƙonewa, musamman kafaɗa, hanci, bayan wuya da saman ƙafa, ga ruwa na mayar da hasken rana kan jiki. A sayi mai lambar SPF 30 ko sama, wanda aka rubuta yana jure ruwa. A shafa minti 20 kafin fita, a maimaita duk awa biyu da kuma bayan an goge jiki da tawul. Babba na buƙatar kamar cokali biyu na cin abinci don jikinsa duka. Jaririn da bai kai wata shida ba a bar shi a inuwa ɗungurungum.

Zafin ya fi ƙunar fata haɗari. Wanda ke cikin ruwa ba ya jin ƙishi alhali yana gumi, saboda haka a riƙa ba yara ruwa duk rabin awa ko ba su nema ba. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da fitsari mai duhu alamun zafi ya fara galabaitar da mutum ne: a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Idan ya fara ruɗewa ko suma, a kira ma'aikaci nan take. Daɓen wurin kuma da tsakar rana yana iya ƙona tafin ƙafar yaro ya yi bororo, shi ya sa takalman ruwa ke cikin jerin amsa ta 9.

12. Yaya ake hawa sulu lafiya, kuma wa bai kamata ya hau ba?

A sulun da ake kwanciya, a kwanta rigingine, ƙafa a gaba, a harɗe idon sawu, a rungume hannuwa a ƙirji, kai a jingine. Harɗe ƙafa na hana ruwa buɗe su da ƙarfi a ƙarshe. Kada a yunƙura a zauna a tsakiya, nan ne kai ke bugun bututu. A kan taya kuwa a riƙe maɗaukan biyu har a tsaya, a ɗan ɗage mazaunai kada su riƙa bugun ƙasa. Ba a tafiya sai ma'aikaci ya ba da izini ko fitila ta nuna kore, kuma da an isa ƙasa a tashi a ba na baya wuri. Tayoyin mutum biyu ko huɗu na da iyakar nauyi, wani wurin har sikeli ake hawa.

Mai juna biyu, mai ciwon zuciya, mai ciwon baya ko wuya, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan kada su hau manyan sulu. Mai farfaɗiya ya nemi shawarar likitansa tun kafin tafiya, kuma kada ya shiga ruwa shi kaɗai. Yaron da ya kai saman bene ya ce ya fasa, a sauko da shi ta matakala ba tare da tsawa ba.

13. Yaro ya yi gudawa jiya amma ya warware. Zai iya shiga?

Kada ya shiga. Sinadarin kulorin da ake zubawa na kashe yawancin ƙwayoyin cuta da sauri, amma akwai wata mai suna kiriftosforidiyam da ke iya rayuwa fiye da mako ɗaya a ruwan da aka sa wa sinadarin daidai, kuma yaro ɗaya na iya shafa wa mutane da yawa. Wanda likita ya tabbatar ita ce ta kama shi sai ya yi mako biyu bayan gudawar ta tsaya kafin ya shiga tafki. Famfas na iyo yana riƙe kashi mai tauri ne kawai, ba ya tare gudawa ko fitsari. Na yau da kullum kuma kumbura yake ya fashe a ruwa. A duba famfas duk awa, a sauya a bandaki, ba a bakin tafki ba, a kuma hana yara haɗiyar ruwan.

14. Abinci da salla fa?

Galibi ba a barin shiga da abincin waje, ana kuma duba jaka a ƙofa. Ana ɗaga ƙafa ga abincin jarirai da na mai larurar rashin lafiya. Abincin ciki ya fi na gari tsada sosai, don haka a karya da kyau kafin a fito, a kuma je cin rana kafin 12:30, tun layi bai taru ba. Akwai ɗakunan salla na maza da na mata, a nemi wurinsu a taswirar da ake bayarwa. A ajiye jallabiya da hijabi busassu a saman jaka domin kada a jiƙa shimfiɗar masallacin.

15. Idan yaro ya ɓace, ko ya shaƙi ruwa?

Da an nemi yaro an rasa, a fara duba cikin ruwa mafi kusa, sannan a gaya wa mai ceto nan da nan, kada a ɓata lokaci ana zagaye. Ma'aikatan na da rediyon sadarwa. Hoton da aka ɗauki yaron da safe cikin kayan iyonsa zai taimaka ƙwarai, haka ma lambar waya da aka rubuta a wani abu da aka ɗaura masa a hannu da alƙalami marar gogewa. A koya wa yara cewa wanda ya rasa iyayensa ya tsaya wurin mai ceto mafi kusa.

Yaron da ya nutse aka ciro shi, ko da ya miƙe yana magana, a kai shi ɗakin agajin gaggawa na wurin. A sa masa ido awa takwas masu zuwa. Tari da ya ƙi tsayawa, numfashi da sauri ko da ƙyar, amai, ko barci marar dalili na nufin a tafi asibiti. Lambar motar asibiti a ƙasar 998 ce, ta 'yan sanda 999.

16. Me za a yi bayan an fito?

Kowa ya yi wanka da sabulu a shafa mai, domin kulorin na busar da fata. Mai kitso ta jiƙa kanta da ruwa mai kyau kafin ta shiga tafki, gashin da ya riga ya sha ruwa ba ya ɗaukar sinadarin sosai, bayan an fito kuma ta wanke ta busar har gindin kitson. Lalle na saurin kodewa a wannan ruwan, wadda ke da biki a gaba ta bari sai bayan an je. Jan ido yakan wuce kafin safiya.

Kunne kuwa a karkata kai gefe, a ja leɓatun a hankali ruwan ya fito, a goge waje da tawul. Kada a zura auduga ko tsinke, yana ƙuje fatar ciki ya buɗe wa cuta hanya. Idan bayan kwana ɗaya zuwa uku yaro ya fara kukan kunne, musamman in an taɓa shi ko yana tauna, a kai shi likita ya duba kafin ranar hawa jirgi.